Sauƙin Girkawa Ba Shi Ne Ma'aunin Zaɓen Manhajar Shafin Mujalla Ba

Duk lokacin da wani sashen koyar da Hausa, ko wata ƙungiyar manazarta, suka yanke shawarar fitar da mujallarsu a intanet, tambayar da aka fi yi wa masanin kwamfutar da aka gayyato ita ce: wace manhaja ce ta fi sauƙin girkawa? Tambayar tana da dalili. Kuɗin da ke hannun kwamitin editoci kaɗan ne, mafi yawan mambobinsa ba su karanci kimiyyar kwamfuta ba, kuma galibi akwai wa'adi a gaba, ko na taron ƙara wa juna sani, ko na zuwan masu tantance kwasa-kwasai. Sai dai amsar wannan tambaya ba ta isa a gina shawara a kanta ba. Girkawa aikin yini guda ne, ita kuwa mujalla ana fatan ta fi waɗanda suka kafa ta tsawon rai.

Manhajar da ake magana a kanta ita ce wadda ke shiga tsakanin edita da shafin intanet. Ita ke karɓar rubutu da hotuna, ta adana su a rumbun bayanai, sannan ta jera su a gaban mai karatu, ba tare da editan ya koyi harshen da ake gina shafuka da shi ba. Uku daga cikin irin waɗannan manhajoji sun fi shahara. Drupal ta fito a 2001 daga hannun Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam. WordPress ta biyo baya a watan Mayun 2003, Matt Mullenweg da Mike Little suka assasa ta. Joomla kuwa ta ɓalle ne daga wata manhaja mai suna Mambo a 2005, kuma an samo sunanta daga kalmar jumla ta Suwahili, wadda asalinta Larabci ne, wato dai 'yar'uwar jimla ta Hausa. Dukkansu kyauta ne, kuma kowa yana iya duba cikinsu ya gyara.

WordPress ce ta mayar da sauƙin girkawa abin tinƙaho. Shekara da shekaru tana tallata kanta da cewa minti biyar sun isa a girka ta, kuma wannan yana cikin abin da ya sa a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke. Amma wannan fifiko ya daɗe da dusashewa. Mafi yawan kamfanonin da ke ba da hayar masauki a intanet suna haɗa wa mai haya da wani mataimaki irin su Softaculous, wanda ke ɗauke da jerin manhajoji masu yawan gaske. Mutum zai zaɓi wadda yake so, ya rubuta sunan shafi da kalmar sirri, ya latsa maɓalli ɗaya, shi ke nan. Ta wannan hanya Drupal da Joomla da WordPress duk lokaci kusan guda suke ɗauka. Ke nan kwamitin da ya ce zai zaɓi wadda ta fi sauƙin girkawa yana auna kaya ne da mudun da ba ya bambanta gero da dawa.

Abin da ya kamata ya fara damun manazarcin Hausa shi ne makomar haruffansa, kuma a nan ne girkawar gaggawa ta fi yin ɓarna ba tare da an lura ba. Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya ci karo da }asa a madadin ƙasa, da ]aya a madadin ɗaya, ko kuma qasa da xaya da varawo. Waɗannan ba kurakuran marubuta ba ne. Sawu ne na zamanin da kwamfuta ba ta san baƙaƙe masu lanƙwasa ba, aka yi dabarar ƙera samfuran haruffa, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda suka aro gurbin wasu alamomi na allon rubutu suka zana ƙ da ɗ da ɓ a kansu. Dabarar ta yi wa Hausa babbar hidima a kan takarda. Amma da zarar an kwafi rubutun zuwa shafin da ba shi da wannan samfuri, sai alamar asali ta bayyana. Akwai kundayen digiri da maƙalu masu yawa da aka rubuta ta wannan hanya, kuma babu manhajar da za ta gyara su don an girka ta cikin minti biyar. Dole a juya su zuwa tsarin Unicode kafin a ɗora su, aikin da ke buƙatar wanda ya san Hausa, domin a rubutun da ya cakuɗa Hausa da Ingilishi ba kowane q ne ƙ ba.

A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ƙ tana da 0199, ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, sannan ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar tana da 01B4. Babu ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai da ake kira latin1, wanda shi ne rumbun bayanai na MySQL yake zaɓa da kansa idan ba a ce masa komai ba, har zuwa fitowar siga ta 8.0 a 2018. Manhajojin zamani sukan nemi tsarin da ya dace a lokacin girkawa, amma matsalar takan taso ranar ƙaura, lokacin da aka kwashe rumbun daga wani masauki zuwa wani. Idan saitin ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba, kowace ƙ takan rikiɗe ta zama baƙin alamomi biyu ko alamar tambaya. Idan alamar tambaya ce, kuma babu kwafin ajiya, to asalin harafin ya tafi, sai a koma ana gyara maƙala ɗaya bayan ɗaya.

Ko da rumbun ya adana haruffan daidai, sauran nunawa. Rigunan shafi masu ƙayatarwa, waɗanda ake zaɓa don kyan launi, da yawansu suna zuwa da samfurin haruffan da bai ƙunshi masu lanƙwasa ba. Sai kwamfutar mai karatu ta aro su daga wani samfurin dabam, a ga kalma kamar ɗanɗano tana tsalle, wasu haruffanta sun fi wasu girma ko kauri. Ga mai nazarin tsarin sauti abin ya fi haka muni. Hanyar da Paul Newman ya bi a nahawunsa na 2000 da ƙamusunsa na 2007 tana ɗora alamar tsawon wasali da ta karin sauti a kan wasali guda, tana kuma bambanta ra-gare da ra-kaɗe ta hanyar ɗora wa ɗaya alama. Unicode ba shi da harafi guda da aka riga aka haɗa don da yawa daga cikin irin waɗannan, sai dai a jera alama bisa alama, kuma samfurin da ba a tsara shi don haka ba yakan ture alamar gefe ko ya haɗiye ta. Maƙalar da hujjarta ta dogara kan bambancin karin sauti tsakanin kalmomi biyu ta rushe ke nan, alhali marubucinta bai yi kuskure ba. Maganin yana nan, kuma kyauta ne: samfuran Charis da Doulos da Gentium na hukumar SIL, da dangin Noto na Google. Ga Ajami kuwa SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da kuma Harmattan, sannan siga ta 13 ta Unicode da ta fito a 2020 ta ƙara wasu haruffan Larabci da ake buƙata wajen rubuta Hausa. Abin tambaya game da kowace manhaja shi ne ko tana bari a sauya samfurin haruffa cikin sauƙi, da ko tana iya riƙe sakin layi mai tafiya daga dama zuwa hagu a tsakiyar rubutun boko.

Akwai kuma wasu ƙananan abubuwa biyu da ba a cika ambata ba. WordPress tana da ɗabi'ar gyara alamomin zance da kanta don su yi kyau a ido. Idan ta ga alamar hamza a farkon kalma takan ɗauke ta a matsayin buɗe zance, sai ta juya ta, 'ya'ya ta fito da alamomi biyu masu kallon juna. Ana iya kashe wannan ɗabi'a, amma sai wanda ya san tana nan. Na biyu shi ne akwatin bincike. A wurin rumbun bayanai k da ƙ haruffa ne mabambanta, kuma ta fuskar ilimin harshe gaskiyarsa ce, tunda baki ba baƙi ba ne, fada kuma ba faɗa ba ce. Sai dai ɗalibin da ke bincike da wayarsa, wanda allon rubutunsa ba shi da masu lanƙwasa, zai rubuta waka ya nemi maƙala kan waƙa, a ce masa babu. Zai tafi da zaton mujallar ba ta taɓa buga komai kan waƙa ba. Shafin mujallar Hausa yana buƙatar binciken da zai sassauta wajen nema amma ya tsananta wajen nunawa, kuma wannan saiti ne da ake yi da gangan.

Bayan haruffa sai yanayin aikin kansa. WordPress an gina ta ne don rubutun yau da kullum, wanda sabo ke danne tsoho. Mujallar ilimi ba haka take ba. Tana da kundi da fitowa da lambar shafi. Maƙala takan iso, a cire sunan marubuci, a aika wa masana biyu ko uku, a jira, a tuna musu, a mayar wa marubuci ya gyara, sannan a buga. Ana iya tilasta wa WordPress ta yi wannan ta hanyar liƙa mata manhajojin ƙari, amma akwai manhajar da aka ƙera musamman don shi, wato Open Journal Systems, da aka fi sani da OJS. Ta fito ne a farkon shekarun 2000 daga shirin Public Knowledge Project, wanda John Willinsky ya kafa a 1998 a Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada, kuma a yau dubban mujallu a duniya suna amfani da ita. Dandalin African Journals Online, mai mazauni a Afirka ta Kudu, wanda ke ɗauke da mujallu fiye da 500, da yawansu daga Nijeriya, a kanta yake tafiya.

Gaskiya ne OJS ta fi WordPress wuyar sha'ani a makon farko. Tana son a keɓe mata ma'ajiyar fayiloli a wajen inda jama'a ke iya shiga, tana son a daidaita hanyar aika saƙon imel, in ba haka ba masu tantancewa ba za su taɓa samun gayyata ba, kuma editoci sukan ɗauki lokaci kafin su saba da matakanta. Amma abin da take bayarwa a madadin wannan wahala shi ne ainihin abin da malamin jami'a yake nema. Kowace maƙala tana samun shafinta, da bayanan shaida a ɓoye, wato sunan marubuci da take da shekara da shafuka, cikin sigar da Google Scholar ke karantawa. Tana da hanyar rajistar lambar DOI da hukumar Crossref, da hanyar miƙa bayanai ga kundin DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Mujallar da ta tara fitowa guda cikin fayil ɗaya mai shafi ɗari uku ta rataye shi a shafin sashe ta shiga intanet a zahiri, amma mai neman maƙala guda a cikinta da wuya ya same ta. Wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan shi ne ƙaramin malami, ranar da takardunsa na ƙarin girma suka isa hannun mai tantancewa na waje, shi kuma ya nemi maƙalar bai gan ta ba.

Daga nan sai batun riƙo, wanda shi ne ya fi kashe shafuka. Duk waɗannan manhajoji ana gano musu ɓaraka lokaci zuwa lokaci, a fitar da gyara, kuma masu kutse suna karanta sanarwar gyaran kamar yadda kowa yake karantawa. A watan Oktoban 2014 an bayyana wata babbar ɓaraka a Drupal 7, kuma bayan 'yan kwanaki masu kula da manhajar suka sanar cewa duk shafin da ba a sabunta ba cikin sa'o'i bakwai da fitowar gyaran, a ɗauka an riga an shige shi. Sa'o'i bakwai, ba makonni ba. WordPress ta rage wannan haɗari tun 2013, lokacin da ta fara sabunta kanta a ƙananan gyare-gyare, amma mafi yawan ɓarakar da ake samu a shafukanta daga manhajojin ƙari take fitowa, waɗanda mutane dabam-dabam suka rubuta, wasu kuma suka watsar. Wannan shi ne tarkon sauƙi: da yake latsawa ɗaya ta isa a ƙara wata, sai a wayi gari shafi yana ɗauke da ashirin, ba wanda ya san aikin rabinsu. Shafukan jami'o'i kuwa abin farauta ne, domin injinan bincike suna ganin girmansu, shi ya sa idan aka shige su akan cika su da tallar caca da magunguna. Babu editan da zai so a nemi sunan mujallarsa a ga wannan.

Su ma sigogin suna tsufa. An daina kula da Joomla 3 a watan Agustan 2023, Drupal 7 kuma a watan Janairun 2025, bayan shekara goma sha huɗu da fitowarta. Ƙaura daga tsohuwar siga zuwa sabuwa a wasu lokuta kusan sabon gini ne, kuma OJS ba ta tsira daga wannan ba, domin waɗanda suka tashi daga siga ta 2 zuwa ta 3, wadda ta fito a 2016, sun san abin da suka gani. Don haka tambayar da ta fi ta girkawa nauyi ita ce: wane ne zai riƙa duba shafin kowane wata, kuma idan ya tafi wa zai gaje shi? Labarin da ake yawan ji a jami'o'i iri ɗaya ne. Wani ɗalibi mai ƙwazo ko ɗan hidimar ƙasa ya girka shafin, ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, ya biya hayar shekara guda. Ya gama ya tafi. Shekara ta zagayo, takardar tunin biyan kuɗi ta tafi akwatin da ba mai buɗewa, shafin ya rufe. Sauri ya haifi nawa. Da an ɗora mujallar ƙarƙashin adireshin jami'a mai ƙarewa da edu.ng, aka damƙa kalmomin sirri ga ofis maimakon mutum, da tafiyar ɗalibin ba ta zama mutuwar mujallar ba.

Wannan ba matsalar Nijeriya kaɗai ba ce. Wani bincike da Mikael Laakso da Lisa Matthias da Najko Jahn suka gudanar ya gano mujallu fiye da 170 na kyauta waɗanda suka ɓace daga intanet ɗungurungum tsakanin 2000 da 2019, kuma na fannin fasaha da zamantakewa ne suka fi yawa a ciki. Manazartan Hausa suna da nasu abin tunawa. A farkon wannan ƙarni an tafka muhawarori masu amfani kan finafinai da adabin Hausa a zaurukan Yahoo Groups, dandalin da ba ya buƙatar girkawa ko kaɗan, amma kamfanin ya rufe shi a watan Disambar 2020. Fitowar Harsunan Nijeriya ta shekarun 1970 kuwa tana nan a kan kantocin ɗakunan karatu, takardar ta yi ja amma ana karantawa. Mujallar intanet ba ta samun irin wannan tsawon rai don kawai an bar ta a inda take. Sai an tanada. OJS tana da hanyar shiga rumbun adana na PKP, wanda aka gina kan tsarin LOCKSS na Jami'ar Stanford, inda ake ajiye kwafe-kwafen mujalla a ɗakunan karatu dabam-dabam, kuma ba a biyan komai, sai dai mujallar ta kasance tana da lambar ISSN, wadda a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa.

Duk da haka, ba adalci ba ne a raina sauƙi. Da a ce sai mai digiri a kimiyyar kwamfuta ne zai iya buɗe shafi, da kaso mai yawa na Hausar da ke intanet a yau bai samu ba. Malamai da marubuta da 'yan jarida da dama sun fara ne da Blogger ko WordPress a kan waya, ba da taimakon kowa ba. Kuma manhajar da ta fi ƙarfin masu ita, komai ingancinta, kufai za ta zama. Sashen da ya girka OJS alhali babu ko mutum ɗaya da zai koyi tafiyar da ita bai fi wanda ya rataye fayil a WordPress ba. Sauƙin da ya cancanci a nema shi ne na yau da gobe: sakataren mujalla ya iya ɗora fitowa ba tare da kiran kowa ba, shafin ya buɗe a ƙaramar waya inda sadarwa ke da rauni, a iya ɗaukar kwafin ajiya cikin mintuna, a kuma iya kwashe komai a koma wata manhajar idan bukata ta taso.

A bisa wannan ma'auni zaɓin ba shi da sarƙaƙiya. Mujallar da ake tantance maƙalunta OJS ce ta dace da ita, kuma ya fi kyau ɗakin karatu ko cibiyar kwamfuta ta jami'a su girka guda ɗaya su ɗora dukkan mujallun jami'ar a kai, tunda an tsara ta don ta ɗauki mujallu da yawa a girki guda. Shafin labarai da sanarwar sashe WordPress ta ishe shi, muddin an taƙaita manhajojin ƙari. Mai son baje rubuce-rubucen Ajami ko hotunan kayan tarihi ya duba Omeka, wadda Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar a 2008 don gidajen tarihi da ma'adanai. Kundayen digiri kuwa wurinsu DSpace, wadda jami'o'in Nijeriya da dama suka riga suka mallaka. Akwai ma aikin da sassan Hausa kaɗai za su iya yi: kalmomin da ke jikin allon OJS da WordPress 'yan sa-kai ne ke fassara su zuwa harsuna dabam-dabam, kuma ajin fassara na babban digiri zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango, ya samar da daidaitattun kalmomi a madadin waɗanda kowa ke ƙirƙira yadda ya ga dama.

Kafin kwamiti ya sa hannu a takardar biyan wanda ya girka shafi, akwai gwajin da bai wuce sa'a guda ba. A rubuta sakin layi ɗaya mai ɗauke da manya da ƙananan masu lanƙwasa, da 'ya'ya, da kalmomi masu alamar tsawo da karin sauti, da layi guda na Ajami. A ɗora shi, a duba shi a kwamfuta da kuma a waya mai araha. A neme shi a akwatin bincike da lanƙwasa, a sake nema babu lanƙwasa. Daga nan a ce wa mai girkawar ya ɗauki kwafin ajiya, ya share shafin, ya dawo da shi daga kwafin a gaban editoci, a sake karanta sakin layin harafi bayan harafi. Sannan a buɗe takardar rajistar adireshin, a ga sunan wane ne a kanta.